Kunnen Saiwa: Gishiri, Kanwa da Dawar Dugabau

Duk manomin da ya taɓa zuba takin zamani dab da gindin ƙaramar masara, a ranar da ƙasa ba ta da isasshiyar laima, ya san abin da ke biyo baya. Kafin kwana biyu bakin ganyen ya ƙone, tsiron ya yi yaushi kamar wanda aka hana ruwa. Sai a ce taki ya ƙona shuka. Maganar daidai ce, amma babu wuta a ciki. A wajen masana sinadarai takin NPK tarin gishiri ne iri-iri, kuma abin da ya yi wa masarar shi ne abin da gishirin miya ke yi wa yankakkiyar albasa: ya janye ruwan da ke jikinta zuwa waje.

Wannan ɗan haɗari na gindin masara ruwan sama ɗaya ya isa ya gyara shi. Akwai wuraren da ba ya gyaruwa. A watan Disamba na 2024 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da rahoton da ya ce kusan hekta biliyan 1.4, sama da kashi 10 cikin 100 na sandararriyar ƙasar duniya, na fama da gishiri.

Dugabau, ɗaya daga cikin mazaɓu goma na ƙaramar hukumar Kabo, maƙwabciyar Gwarzo a yammacin Kano, ba ita mutum zai fara tunawa ba idan ana wannan zance, kuma bai kamata a ƙaƙaba mata ciwon da ba nata ba. Gonakin tudu na wannan yanki, inda ake dawa da gero da gyaɗa da wake, ƙasa ce mai rairayi da ruwa ke ratsawa. Daminar Yuni zuwa Satumba tana wanke ta kowace shekara, ta gangara da gishirin da ya taru zuwa inda saiwa ba ta kaiwa. Damuwar tana gangare, a fadama da lambu, inda ake noman rani. Tun daga shirin madatsun ruwa da aka soma a zamanin Gwamna Audu Bako, yankin Kabo da Gwarzo ya sami rabonsa, irin su Guzuguzu da Magaga da Pada, sannan aka kammala babbar madatsar Challawa a Ƙaraye a 1992. Daga baya ƙananan injinan ban-ruwa suka wadata, matasa da yawa suka gane cewa kuɗin shekara yana cikin tumatur da albasa da tattasai na rani. Ban-ruwa kuwa, a ko'ina yake a duniya, da gishirinsa yake tafe.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki ruwa mai miligiram 300 na narkakken gishiri a kowace lita, wanda harshe ba zai ji komai a cikinsa ba. Idan aka ba hekta ɗaya ruwan da jimillar zurfinsa ta kai mita ɗaya a kakar rani, lita miliyan 10 ke nan, kuma a cikinta akwai tan 3 na gishiri, buhu 60 masu kilo 50. Shuka ta sha nata, rana da iskar hunturu su kwashe saura, gishirin ya zauna. Idan damina ta zo ta sami hanyar wucewa, ta tafi da shi. Idan kuwa ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa da sama saboda yawan ban-ruwa da toshewar magudanai, sai ƙasa ta riƙa zuƙo shi kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ya ƙafe a sama, ya bar fari-farin ɓawon da masu lambu suka sani. Ba sai an je nesa neman misali ba. Aikin ban-ruwa na Kogin Kano, wanda ya shafi Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, aka tsara shi a kan kimanin hekta 22,000, ruwansa daga Tiga yake, ruwa ne mai daɗi. Duk da haka masu binciken ƙasa sun sha ba da rahoton tasowar ruwan ƙarƙashi da ɓullar gishiri a sassan da magudanai suka lalace.

Ana auna gishirin ƙasa ne ta yadda ruwanta ke ratsar da lantarki, kuma daga maki 4 a wannan ma'auni ake kiran ƙasa mai gishiri. Amma shuke-shuke ba sa jiran a kai 4. A jadawalin da Maas da Hoffman suka fara tsarawa a Amurka a 1977, wanda har yau ake aiki da shi, amfanin albasa na soma raguwa daga maki 1.2, barkono 1.5, masara 1.7, tumatur 2.5, shinkafa 3. Wake na jurewa zuwa 4.9, alkama 6, dawa kuwa har 6.8. Ga abin mamaki: amfanin da ake kaiwa gangare da rani, inda gishiri ke taruwa, su ne masu raki, mai juriyar kuwa tana can kan tudu inda ba a bukatar juriyarta.

To, me ya sa albasa ke karaya a inda dawa ko a jikinta? Amsar da ta fi saurin zuwa ita ce wata ta fi wata kaurin fata. Binciken shekara talatin da suka wuce ya nuna ba nan gizo ke saƙa ba. Babban bambancin yana ga wace ce ke jin zuwan gishiri da wuri, wace ce ke isar da labarin ga sauran jikinta, da kuma matakin da take ɗauka a kai.

Gishiri na cutar da tsiro ta fuska biyu, kuma ba lokaci ɗaya ba. Ta farko ƙishirwa ce. Cikin mintuna ko sa'o'i saiwa ta kasa jan ruwa, domin ruwa kullum yana karkata ne zuwa ɓangaren da ya fi gishiri. Ta biyu guba ce, mai ɗaukar kwanaki ko makonni. Gishirin miya haɗin sodiyam ne da kuloraid. Tsiro na bukatar fotasiyam don gudanar da ayyuka masu yawa a cikin ƙwayoyin halittarsa, shi ne ma harafin K na buhun NPK. Sodiyam ya yi kama da fotasiyam, don haka yakan yi sojan gona: ya bi ta ƙofofin da ba nasa ba, ya zauna a mazaunin fotasiyam, aikin kuma ba ya iyawa. Tsofaffin ganyaye, da suka fi daɗewa suna karɓar ruwa daga saiwa, su ke fara ƙonewa. Idan suna mutuwa fiye da yadda sababbi ke fitowa, shukar ta tafi.

Kowace ƙwayar halitta ta tsiro tana ɗauke da cikakken kundin gadonsa, dubban ƙwayoyin gado. Wasunsu umarni ne na ƙera kayan aiki, kamar ƙofofi da famfuna. Wasu kuwa aikinsu ɗaukar saƙo ne: su ji, su sanar, su ce a kunna wancan, a kashe wannan. Littafin da ke ajiye ba ya karanta kansa. Tsiro biyu na iya mallakar famfo iri ɗaya, ɗaya ya rayu ɗaya ya mutu, don kawai na biyun bai sami wanda zai gaya masa lokacin kunnawa ya yi ba.

Wanda ya fara fito da wannan sarƙa fili shi ne Jian-Kang Zhu, ɗan asalin Sin, da abokan aikinsa a Jami'ar Arizona ta Amurka. Sun yi aikin ne da wata 'yar ciyawa mai suna Arabidopsis, dangin kabeji, wadda ba a ci ba a sayarwa, amma tana kammala rayuwarta cikin 'yan makonni. Dabararsu mai sauƙi ce. Suka samar da dubban tsirrai, kowanne da wata ƙwayar gado da ta lalace, suka ɗora su a faranti mai gishiri, suka kifa farantin yadda saiwa ke kallon sama. Saiwar da ke da lafiya takan ci gaba da girma, ta lanƙwaso tana neman ƙasa. Wadda gishiri ya tsayar ba ta lanƙwasawa. Ta haka suka tsamo marasa juriya, suka laƙaba musu SOS, taƙaitawar kalmomin Turanci masu nufin mai tsananin raki a gaban gishiri. Tsakanin 1996 da 2000 suka gano ƙwayoyin gado uku da aikin kowace.

Wanda ya san tsarin tsohon birni mai ganuwa zai gane shi da sauri. Da sodiyam ya taɓa saiwa, sai kalsiyam ya yi ambaliya a cikin ƙwayar halitta cikin daƙiƙu kaɗan. Wannan shi ne kugen da ake bugawa. Furotin ɗin SOS3 shi ne mai tsaron da ke jin kugen: kalsiyam na maƙale masa sai siffarsa ta sauya, ya je ya kama SOS2. Shi SOS2 jakada ne da ke zaune a ɗaure, sai SOS3 ya kama shi yake warwarewa. Su biyun su nufi bangon ƙwayar halitta inda SOS1 yake, jakadan ya buga masa hatimi, wato ya liƙa masa ɗan sinadarin fosfet. SOS1 shi ne sarkin ƙofa, kuma aikinsa ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne a zahiri: ya shigo da ƙwayar haidurojin ɗaya daga waje, ya fitar da sodiyam ɗaya. Cikin ukun nan ɗaya ne kawai ke taɓa gishiri. Biyun masu kai saƙo ne, amma idan aka lalata ko wanne daga cikinsu, tsiron na nan da ƙofarsa lafiya lau, ga gishiri yana kashe shi.

An daɗe ana neman abin da ke buga kugen tun farko. A 2019 tawagar Zhen-Ming Pei ta Jami'ar Duke ta ba da rahoton wata ƙwayar gado, MOCA1, wadda ke taimakawa wajen ƙera wani nau'in kitse a fatar ƙwayar halitta. Sodiyam na manne wa kitsen, mannewar kuma ita ke buɗe wa kalsiyam hanya. Labarin ba ya tsayawa a inda gishiri ya taɓa. A 2014 masu bincike a ɗakin gwajin Simon Gilroy na Jami'ar Wisconsin suka ɗiga gishiri a kan tsinin saiwa, suka ga igiyar kalsiyam tana hawa jikin tsiron da saurin da ya kai kimanin santimita 2 a minti ɗaya. Ganye na samun labari tun gishirin bai iso shi ba. Shekara ɗaya kafin nan, tawagar Christa Testerink a Amsterdam ta nuna cewa saiwa na iya karkata ta kauce wa ɓangaren da gishiri ya fi yawa, ko da hakan na nufin ta saɓa wa ɗabi'arta ta nutsawa ƙasa. Halittar da ba ta da ido ba ta da jijiya, ga ta tana zaɓen hanya.

Fitar da sodiyam waje ba shi kaɗai ne mataki ba. Wanda ya riga ya shiga akan tura shi wani rumbu da ke tsakiyar ƙwayar halitta a kulle. Ƙofar rumbun ita ce NHX1, wadda Eduardo Blumwald da abokan aikinsa suka yi aiki a kanta a Toronto a 1999. Wanda ya shiga bututun da ke kai ruwa ga ganye kuwa, akwai ƙofar HKT da ke tare shi a hanya ta ajiye shi a saiwa. Sai kuma sinadarin ABA, saƙon ƙishirwa, wanda ke sa ƙananan kafofin ganye su rufe don kada ruwa ya tsere.

A nan ne maganar ta fi shafar aljihun manomi. Kafofin da ruwa ke fita ta cikinsu, ta nan iskar da tsiro ke haɗa abinci da ita ke shiga. Rufe su na nufin rage girma. Famfon da ke fitar da sodiyam ma da sukarin da ya kamata ya tafi zangarniya yake aiki. Juriya ba kyauta ba ce. Wani gwaji da aka yi a Japan a 1999 ya nuna haka sarai. Masu bincike suka ɗauki DREB1A, ƙwayar gado mai kunna wasu da dama a lokacin wahala, suka sa ta zauna a kunne dare da rana. Tsirran suka jure fari da gishiri da sanyi, amma suka tsumbure. Da aka haɗa ta da makunnin da ba ya tashi sai wahala ta zo, juriyar ta samu, tsumburewar ta ragu ƙwarai. Garin da ake buga wa kuge kullum ba ya zuwa gona. Abin nema shi ne tsiron da ke jin haɗari da wuri, ya ɗauki matakin da ya yi daidai da girman haɗarin, ya kuma san lokacin komawa bakin aiki.

Gaskiyar da ba a cika faɗa a labaran kimiyya ba ita ce, fiye da shekara ashirin da gano SOS, irin da ya isa hannun manoma ta wannan hanya kaɗan ne. Nasarorin da suka fi tabbata sun fito ne daga rumbun talakawa. Manoman gaɓar tekun Kerala a Indiya sun daɗe suna noma wata doguwar shinkafa, Pokkali, a filayen da ruwan teku ke shiga. Daga gare ta Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya, IRRI, da ke Filifin ta gano yankin gadon da ake kira Saltol, ta shigar da shi cikin ire-iren zamani ta hanyar aure tsakanin iri da iri. Daga wata shinkafar gargajiya ta Indiya, Nona Bokra, masu bincike a Sin suka fito da SKC1 a 2005. A Ostareliya, Rana Munns da abokan aikinta suka ɗauko Nax2 daga wata tsohuwar danginta alkama, suka ba da rahoto a 2012 cewa ta ƙara wa alkamar taliya amfani da kashi 25 cikin 100 a ƙasa mai gishiri. SKC1 da Nax2 duk ƙofofin HKT ne. Wato har zuwa lokacin, masu gadin ƙofa ne ke kawo riba. Masu kai saƙo sun fi wuyar sarrafawa, domin saƙo ɗaya na taɓa abubuwa goma.

Kusan duk wannan bincike da gishirin miya aka yi shi. Bahaushe kuwa ya san gishiri daban, kanwa daban. Ba duk kanwar ja ba ce. (Ɗaya daga cikin mazaɓun Kabo ma, 'yar'uwar Dugabau, sunanta Kanwa.) Kanwar da fatake suka daɗe suna kawowa daga ƙasar Manga da gefen Tafkin Chadi ita ma sodiyam ce, sai dai abokin haɗinta kabonet ne, ba kuloraid ba. Kowace mai girki ta san halinta: tana kashe tsami, tana sa wake ya nuna da wuri saboda tana sassauta abin da ya riƙe shi. Haka take yi wa ƙasa. Idan sodiyam ya yi yawa a jikin yumɓu, dunƙulen ƙasa ya watse, ƙananan ramukan da ruwa da iska ke bi su toshe. Da damina ruwa ya kwanta, da rani ta bushe kamar daɓe. Ma'aunin pH ya haura 8.5, sinadaran ƙarfe da zinki su ƙi narkewa, shuka ta yi ɗorawa-ɗorawa ga taki a gindinta. Ƙasa mai gishiri ana iya wanke ta da ruwa. Ƙasa mai kanwa ruwan ma ba ya shigarta.

Kanwa uwar gami ce har a cikin saiwa. Sarkin ƙofar nan, SOS1, ba ya fitar da sodiyam sai ya karɓi haidurojin daga waje, kuma haidurojin shi ne asalin tsami. Saiwa kan kashe ƙarfinta wajen tsamama ƙasar da ke kewaye da ita don wannan musaya ta yiwu. Kanwa na kashe tsamin. Ta kawo sodiyam, ta kuma ƙwace kuɗin da za a biya a fitar da shi.

Shi ya sa binciken da mujallar Science ta buga a watan Maris na 2023 ya cancanci a san shi a ƙasar Hausa fiye da ko'ina, domin a kan dawa aka yi shi, kuma a kan kanwa. Tawagar Xie Qi ta Cibiyar Kimiyya ta Sin ta gwada ire-iren dawa sama da 300 a cikin ruwan kanwa, ta kwatanta kundin gadon masu jurewa da na masu karaya, ta dira a kan ƙwayar gado ɗaya da ta sa wa suna AT1. Ita ba ƙofa ba ce, ba famfo ba ce. Mai kai saƙo ce, daga dangin da ake kira furotin G, dangin da a jikin ɗan Adam ke isar da saƙon gani da ƙamshi da ɗanɗano.

Abin da ta gano ya saɓa wa zato. Tsiron da kanwa ta matsa wa yakan tara haidurojin feroksaid, ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi. Kaɗan daga cikinsa saƙo ne, mai yawa kuwa yana ƙona ƙwayar halitta daga ciki. Akwai wasu kafofi da ke fitar da shi, amma sai an buga musu hatimin fosfet suke aiki sosai, AT1 kuma hana buga hatimin take yi. Wato a nan mai kai saƙon shi ne matsalar. Da aka kashe AT1 gaba ɗaya, tsiron ya fi jurewa. A gwajin gona a ƙasa mai kanwa a Ningxia, dawar da aka kashe wa AT1 ta ba da ƙarin amfani kusan kashi 20 cikin 100. A Jilin shinkafa ta ba da sama da kashi 20. An ga alamar hakan a masara da wani nau'in gero na Sin, wanda ba geronmu ba ne. Takwarar AT1 a shinkafa, GS3, an daɗe da saninta ta wata fuskar: idan ba ta aiki, ƙwayar shinkafa takan yi tsawo. Manoman da suka yi ta zaɓen doguwar shinkafa tsawon ƙarnoni sun riƙa zaɓen wannan lalacewa ba tare da sun san sunanta ba.

Asalin dawa Afirka ce, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da suka fi nomanta a duniya. Kaura da farafara da ake ɗaure dammansu a Dugabau da Garo da Getso, kowace tsatso ce da aka tace shekara da shekaru, wani a jigawa, wani a bakin fadama, wani a ƙasa mai tauri da maƙwabta suka guje wa. Ba wanda zai yi mamaki idan wasunsu na ɗauke da nau'in AT1 mai rauni ko wasu hanyoyin juriya na daban. Duba hakan ba aikin da ya fi ƙarfin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ba ne, ko Cibiyar Noman Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, ko ofishin ICRISAT da ke Kano. An fitar da cikakken kundin gadon dawa tun 2009, kuma binciken Sin ya riga ya nuna inda za a duba. Akwai ma abin koyi a gida. Shinkafar FARO 66 da FARO 67, waɗanda aka saki a 2017 don jure ambaliya, suna ɗauke da Sub1, ita ma mai kai saƙo ce: tana gaya wa shinkafar da ruwa ya shanye ta dakatar da girma, ta adana ƙarfinta har ruwa ya janye. Daga shinkafar gargajiya ta Indiya aka samo ta, kuma ta hanyar aure aka shigar da ita, ba a ɗauko komai daga wata halitta ba.

Wannan bambanci yana da muhimmanci, ganin yadda muhawara ta yi zafi tun sakin waken SAMPEA 20-T a 2019 da masarar TELA a 2024. Hanya uku ce, kuma ana yawan cakuɗa su. Akwai aure tsakanin iri biyu tare da duba alamar gado don gane 'ya'yan da suka gaji abin da ake so. Akwai gyaran ƙwayar gado a inda take, kamar kashe AT1, ba tare da an ƙara baƙon abu ba. Hukumar NBMA mai kula da wannan fanni ta fitar da ƙa'idoji a kansa a ƙarshen 2020. Sai kuma ɗauko ƙwayar gado daga wata halitta. Mutum na da damar amincewa da ɗaya ya ƙi ɗaya, amma wanda ya yi musu kuɗin goro ya hana kansa tambayar da ta fi amfani: wa zai mallaki irin, nawa za a sayar da shi, kuma manomi zai iya ajiye na baɗi daga rumbunsa?

Akwai haɗari ɗaya da irin mai juriya ke zuwa da shi, kuma ba a cikin ƙwayar gadonsa yake ba. Tsiro mai juriya ba ya rage gishirin gona ko da cokali ɗaya. Hasali ma, wanda ya iya hana sodiyam shiga jikinsa barinsa yake a ƙasa. Albasar da ta ƙone gargaɗi ce ga mai lambu. Irin da ba ya ƙonewa na iya ɓoye gargaɗin har sai abin ya wuce gyara. A 1958 Thorkild Jacobsen da Robert Adams suka kawo hujja daga tsofaffin allunan kudancin Iraƙi cewa manoman can sun riƙa barin alkama suna komawa sha'ir, wanda ya fi jure gishiri, yayin da amfanin gona ke ta raguwa. Masana tarihi na jayayya a kan girman rawar da gishiri ya taka, amma tsarin abin sananne ne a duk inda ake ban-ruwa: a sauya iri, a sami sararin wasu shekaru, magudana kuma na nan a toshe.

Maganin ƙasa mai gishiri magudana ce mai zurfi da ruwan da ya ɗara bukatar shuka kaɗan, don ya ratsa ya tafi da gishirin. Ƙasa mai kanwa kuwa sai an fara ba ta kalsiyam ya ture sodiyam daga jikin yumɓu kafin wanki ya yi amfani, kuma hanyar da aka saba ita ce farin dutsen jifsam, wanda ake haƙowa a Sakkwato da Yobe, tare da takin gida mai yawa. Zuba ruwa kawai a ƙasa mai kanwa ƙara daskarar da ita yake. Don haka mai lambun da ya ga fari-fari a kunyarsa yana bukatar ya san wanne ne a cikin biyun kafin ya kashe ko sisi. Na'urar da ke auna gishiri da pH ba ta fi alƙalami girma ba sosai, ana tsoma ta a kofin ƙasa da aka dama da ruwa, a karanta lamba. Ƙungiyar masu ban-ruwa guda na iya mallakar ɗaya, a auna kowane lambu sau biyu a shekara, a ƙarshen damina da kuma a watan Afrilu kafin ruwan farko, a rubuta lambobin a littafi.